Aska Takwas: Daga Allura Zuwa Bayan Doki

Idan azumi ya kai goma na tsakiya, duk wanda ya bi ta Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi bayan an sallame asham zai tarar unguwar tana ruri. Janareta na kuka a ƙofar kowane shago, kekunan ɗinki na gudu, injin aikin kwamfuta na zuba wa shadda ado cikin ɗan lokaci, yara na kai da kawo da ledojin kaya tsakanin tela da mai guga. Wannan ɗinkin sallah ne, kowa ya san shi, kowa kuma yana da nasa a ciki. Amma akwai wani ɗinkin da ba ya shiga wannan gudun, domin in aka bari sai azumi ya kama kafin a kawo shi, to an makara. Shi ne ɗinkin rigar hawa irin ta mutanen da: babbar riga ta saƙi ko ta tsamiya, mai aska takwas, wadda tun daga zarenta har kalmasarta babu inda keke ya taɓa.

Masu kawo irin wannan aiki a yau ba duka ne 'ya'yan sarauta ba. Akwai samari da magidanta a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Daurawa da Darmanawa da Unguwa Uku waɗanda son doki ya haɗa. Wani yana da rumfa a Kantin Kwari, wani malamin makaranta ne, wani ma'aikacin asibiti. Duk shekara sukan zuba adashi, su haɗa kuɗin anko da na hayar dawakai, su bi tawagar hakimi ranar hawa, in kuma ɗayansu zai yi aure su yi masa hawan angwanci. A cikinsu ake samun waɗanda ƙyallin shadda ba ya ƙosar da su, burinsu su fito yadda kakanninsu suka fita. Su ne ke bin lungu-lungu suna cigiyar tsofaffin maɗinka.

Abin da suke nema kuwa yana da dogon asali. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya gina gidan sarautar Kano ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, shi ake danganta wa kakaki da figini da takalman gashin jimina. Ita kuwa rigar aska, tsofaffin da suka rage a gidajen tarihi, a nan gida da can Landan, galibinsu na ƙarni na 19 ne, zamanin Daular Sakkwato, lokacin da riga ta zama babbar kyautar da sarki ke yi wa malami ko jarumi ko baƙo. A 1851 Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano ya rubuta cewa arzikin birnin a saƙa da rini yake, kuma tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Unguwar Soron Ɗinki tana nan a cikin birni har gobe.

Akwai wani dattijo a wani lungu bayan kasuwar Tarauni da nakan zauna wurinsa in kalli aiki. A cikin birni ya tashi, a zauren makarantar allo ya koyi riƙon allura, yadda almajirai da gardawa da yawa suka koya a da, suna karatu suna ɗinki don su ci da kansu. Kayan aikinsa duka ba su cika ƙaramin gwangwani ba: allurai manya da ƙanana, tsinke mai tsini, almakashi, alƙalami, kurtun tawada, ɗan alli, da curin zare.

A wurinsa aiki yana farawa tun kafin a zura zare a allura. Rigar da ba daga bandir ake yanko ta ba. Masaƙi ne ke saƙo ta siriri-siriri, tsiri mai tsawo wanda faɗinsa bai wuce yatsu biyu zuwa huɗu ba, shi ake kira ƙwarya. Da yawan ƙwarya ake ƙirga darajar riga: gwargwadon sirantar tsirin, gwargwadon yawan haɗin da za a yi, gwargwadon kuɗinta. Saƙi shi ne wanda aka sarƙa zaren baba mai duhu da fari ƙanana-ƙanana, ya fito da ɗige-ɗige kamar gashin zabo. Barage shi ne mai ratsin ja. Tsamiya kuwa siliki ce ta ƙasarmu, mai launin ƙasa-ƙasa. Idan an kawo masa naɗin ƙwarya, dattijon ba ya saurin yabo. Yakan warware kamu guda ya ɗaga a hasken rana ya ga ko saƙar ta matsu. Ya ja ta a tsaye, ya ja ta a kwance. Ya murza tsakanin yatsa da babban yatsa, domin zaren da mace ta kaɗa da mazari yana da ɗan kauri nan, ɗan siranta can, na kamfani kuwa sumul yake daga farko har ƙarshe. Ya kai hanci, domin rinin baba na da ƙamshinsa da garin bature ba shi da shi. Sai ya gamsu sannan ya jiƙa ta da ruwa ya shanya a inuwa, don in za ta tsuke ta tsuke yanzu, kada sai an gama aiki wanki na farko ya tattare shi.

Sannan a shiga haɗi. Nan ne mai kallo zai fara gane dalilin da ya sa ake cewa wata da watanni. Bakin ƙwarya a kulle yake tun daga masaƙa, ba ya zarewa, saboda haka ba a ɗora wani kan wani, ba a lanƙwasa. Baki da baki ake gamawa, allura ta ɗauki zare ɗaya ko biyu daga wannan gefe, ta ɗauki daidai da shi daga wancan, a ja a hankali. Dattijon yakan zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, ya maƙale ƙarshen tsirin a babban yatsan ƙafarsa don ya tsaya a miƙe, hannun hagu na daidaita bakuna biyu, na dama na suka. Bayan kowane taƙi sai ya tsaya ya shafa da tafin hannu. Abin da yake tsoro shi ne ɗaya ƙwaryar ta fi ɗaya jawuwa. Bambancin da bai kai ƙwayar gero ba a kowane taƙi, in ya taru a tsawon riga, sai ta karkace, kuma ba za a gani a shimfiɗe ba sai mai ita ya saka, a ga gefe guda yana jan ƙasa. A saƙi akwai ƙarin wahala, domin ɗigon wannan tsiri dole ya yi ido biyu da na maƙwabcinsa, in ba haka ba haɗin ya fito ɓaro-ɓaro. Idan gwani ya haɗa, sai ka kai fuska kusa kafin ka ga inda ƙwarya ta ƙare wata ta fara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarancin aikin almakashi. Tela na zamani yakan tashi ya bar tarin ƙyallaye a ƙasa. A nan ba a yanka sai tsawon tsiri da kuma ramin wuya. Wanda ya san cewa mace ta gurje auduga da magurji, ta shiɓe ta, ta kaɗa, marini ya tsoma ya tsame sau da yawa, masaƙi ya zauna ya jefa ƙoshiya, ba zai yarda taƙi guda ya faɗi banza ba. Sifar rigar ma daga wannan tattalin ta fito. Doguwar shimfiɗa ce da aka ninka biyu a kafaɗa, tsakiyarta jiki, gefunanta hannuwa masu faɗi, a buɗe daga kafaɗa har kusa da ƙasa, inda cuna ke gama gaba da baya. In aka baje ta takan wuce mita biyu a faɗi. Daga ciki kuma, a bakin hannuwa da ƙasan riga, sai a bi da shafi, wato wani ƙyalle na daban da ake lulluɓe bakin da shi. A rigunan manya na da, da alharini ake yin shafi, jan silikin nan da fatake ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Shafi na da aiki biyu: yana ƙara wa bakin riga nauyi ta zuba daidai, kuma in mai ita ya naɗe hannuwa a kafaɗa, shi ne jan da ke lekowa.

Kafin a yi suka ɗaya na ado sai an yi zane. A da wannan sana'a ce mai zaman kanta, mai zane daban, mai aiki daban, kuma sau da yawa mai zanen malami ne, hannun da ke yi wa allon sauka zayyana shi ke zana riga. Dattijon namu shi ke yin nasa. Yakan shimfiɗa ƙyallen aljihu, wanda ake yi wa aiki shi kaɗai kafin a ɗora shi a jikin riga, ya danne kusurwoyinsa, ya tsoma alƙalami. A farin yadi tawada yake sa wa, a saƙi mai duhu kuwa jiƙaƙƙen alli. Babu ma'auni sai yatsunsa da ɗan zare. Yana farawa da askake biyu dogaye da ke saukowa daga gefen wuya, faɗinsu a sama, tsininsu a ƙasa. In a nan aka tsaya, riga ta zama aska biyu. In za a ci gaba sai a ƙara shida, uku-uku, ta cika takwas. Sannan gidan biyar, wato murabba'ai biyar, da dagi mai sarƙaƙiya wanda layinsa ke shiga ƙarƙashin kansa ya fito ba tare da an ga inda ya faro ba. A ƙirjin dama sai tambari, da'ira ce da layi ke kewaye ta yana faɗaɗa, a kuma yi wani a gadon baya, aikin ya haura ta kafaɗar hagu ya je ya same shi.

Duk wanda ya lura zai ga ado ya taru a hagu, dama kuwa tambari kaɗai ne a fili. Masu aikin kwamfuta da yawa sun gyara wannan a ganinsu, sun raba ado daidai wa daida a ɓangare biyu. A ganina sun rage wa rigar kwarjini. Nauyin hagu da sararin dama su ne ke sa ido ya yi tafiya a jikinta, ya faro daga wuya, ya gangara aska, ya tsallaka tambari, ya zagaya baya.

Zaren aikin ma yana da labarinsa. Tsamiya daga gidan wata tsutsa ake samunta, wadda ke cin ganyen tsamiya da na doka, ta taru da 'yan uwanta su saƙa gida guda babba. Akan ɗebo gidan a dafa shi a ruwan toka har danƙonsa ya saki, a wanke, a shanya, mata su kaɗa shi yadda ake kaɗin auduga. Ba ta da ƙyallin silikin waje, haskenta a kwance yake, amma tana da ƙarfi, kuma tana ƙara kyau da tsufa. Yau samunta sai an sha wuya, don haka da yawa sun koma zaren kanti mai kama da launinta. Dattijon yana aiki da duk wanda aka kawo masa, amma yakan gaya wa mai riga gaskiyar wanne ne.

Na taɓa matsawa dab da gwiwarsa ina kallon yadda yake cika gidan biyar. Babu katako ko ƙarfen da ke ɗame yadin. A kan yatsansa manuni na hagu yake naɗe wurin da zai yi wa aiki, ya danne da babban yatsa da na tsakiya, ɗamewar ke nan. Ya ɗauki tsinke ya huda, amma ba ya tsinka zaren saƙa ko ɗaya, ture su yake yi gefe su ba da hanya. Sai allura ta shiga ta ramin ta fito ta gefensa, zare ya zagayo ta ƙarƙashinta ya ƙulle, ta sake shiga ta ramin ta fito ɗan gaba kaɗan, haka har ta kewaye shi, ya zama ɗan ido buɗaɗɗe mai ƙaƙƙarfan baki. Ya matsa zare biyu ko uku ya sake hudawa. Ido kusa da ido, layi bayan layi, har fili ya cika ya zama raga. A riga guda irin waɗannan idanu dubbai ne, kuma so ake na farko da na ƙarshe su zo girma ɗaya, ko da watanni ne tsakaninsu. In ya ja zare da ƙarfi yadin ya tattare, in ya sassauta idon ya rufe. Hannunsa ya san tsakiyar, yana yi yana amsa gaisuwar masu wucewa.

Askake kuwa ciko ake yi musu. A fara bin layin zane da ɗinkin sarƙa don a kafa iyaka. Sannan a kwantar da zare daga wannan baki zuwa wancan, a dawo ana ɗaure shi da ƙananan suka a tazara daidai, a kwantar da na biye a matse shi da na farko har yadin ƙasa ya ɓace. Wuyar aska a tsininta take. Tana sauka tana tsukewa, zare goma ya koma biyar, biyar ya koma biyu, har ta ƙare a kan guda. Masana riga tsinin aska suke fara dubawa. In ya dakushe ko ya karkata, sun san hannun bai nuna ba. Daga nan sai cin wuya, inda ake bin bakin wuyan da ɗinki mai kauri a matse, domin duk nauyin riga a nan yake rataye, kuma nan ne gumi da hannu suka fi taɓawa. Rigar da aka ci wuyanta da kyau takan wuce mai ita ta kai ga ɗansa.

Ba ya aiki da dare. Daga hantsi zuwa azahar, sannan bayan la'asar har rana ta yi ja, a bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe. Ya ce ƙwan lantarki na ɓoye masa zaren saƙa.

Akwai wani yaro ɗan maƙwabta da ke zuwa bayan an taso daga makaranta. Shekararsa ta farko ƙwarya kawai yake haɗawa a tsumma. Rannan ya miƙo aikinsa, dattijon ya juya bayan ƙyallen, bai ko kalli gaban ba, ya shafa da yatsa.

"Kai yaro, warware daga nan zuwa nan."

"Baba, ai ta ciki ne, ba mai gani."

"Mai rigar zai ji shi a kafaɗarsa. Warware."

Yaron ya sunkuya ya fara zare zaren da bakin allura, ɗaya bayan ɗaya. A tsallaken lungun akwai benci da sa'o'insa ke zama tun daga la'asar har magariba, kowa da waya a hannu. Lokacin da ke wucewa a bencin shi ne dai ke wucewa a tabarmar, sai dai a tabarmar idan an kira salla akwai taƙi guda na haɗi da babu shi ɗazu.

Wani daga cikin mahayan ya leƙo ranar, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, don Allah ko tawa za ta samu kafin ƙaramar sallah?"

"Samari, yaushe ka kawo ta?"

"A watan azumin tsofaffi."

"To ka sa rai da babbar sallah, in Allah ya kai mu."

Bai ƙara ba, saurayin ma bai ja ba.

Idan aiki ya kammala, a ɗora aljihu a mazauninsa, a gama layukan da suka tsallaka daga aljihu zuwa jikin riga yadda ba za a gane an yi su a rabe ba. Sai mabuga. Rigar saƙi ba ta son dutsen guga. 'Yan bugu, irin waɗanda ke zaune a gefen marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, su ke ƙarasa ta. Sukan yayyafa mata ruwa, su ninke ta, su ɗora a kan gungumen itace mai santsi, mutum biyu su zauna fuska da fuska kowa da gudumar itace, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, ɗaya na jan rigar kaɗan-kaɗan da hannun hagu. Bugu ne ke kwantar da haɗin ƙwarya, ya zaunar da zaren ado a cikin yadi, ya fito da sheƙi. In kore ce, baƙar rigar nan mai walƙiya, ko rawani ɗan Kura, da shuni ake bugawa har ya shige jikin zaren. Garin Kura ya yi suna a wannan aiki, Buzayen Agadas ma can suke neman turkuɗinsu.

Riga ba ta hawa ita kaɗai. Akwai buje, wando mai faɗin gaske da ke barin mahayi ya buɗe ƙafa a sirdi ba tare da ya yage ba, wanda aka tsuke ƙafarsa da kamun ƙafa mai aiki. Akwai falmaran da kufta da jabba, waɗanda adonsu igiya ce mai ruwan zinariya ko azurfa da ake kwantarwa bisa yadi a ɗaure ta da siririn zare. Akwai lifidi, wanda ake cusa wa audugar rimi tsakanin yadi biyu a bi shi da ɗinki gida-gida don kada ta taru wuri guda, kibiya ta samu hanya. Shi ma dokin da nasa, jalala da suka-dubu da sauran kayan da ake samu a Kurmi. Mai son ganin na da da idonsa sai ya shiga gidan tarihi na Gidan Makama.

Ranar hawan Daushe, kashegarin sallah, ita ce ranar da abokan nan suka fi ji da ita. Tun bayan azahar suke taruwa a zauren babbansu. Dawakai na ƙofar gida ana ɗaura musu kaya, yaran unguwa sun yi da'ira, a ciki kasko na turare, ana zuba shayi. Kowa ya buɗe ƙunshinsa. Wando tukuna, sai 'yar ciki, sai riga, wadda mutum ba ya iya daidaita ta shi kaɗai, sai aboki ya tsaya a bayansa ya ɗaga hannuwan ya ninka su a kafaɗa yadda shafi zai fito. A rataya takobi da hamila. A kafa dara a ka. Sannan a yi layi gaban wanda ya iya naɗi, domin a kowace ƙungiya akan samu mutum guda da hannunsa ya faɗa a rawani. Yakan sa mutum ya zauna a ƙasa, ya zagayo da harsa ta ƙarƙashin haɓa, ya bar amawali, wato ɓangaren da ake ja a rufe baki, ya dinga kewayawa yana ɗamewa, kowane zagaye ya danne rabin na ƙasansa, har ya soke ƙarshen. Naɗin da aka yi da kyau doki zai yi sukuwa da shi ya dawo bai motsa ba.

Suna wasa da dariya, ana tsokanar wanda bujensa ya fi shi girma, amma akwai iyakokin da ba a tsallakewa. Ba wanda zai fitar da kunne biyu a rawaninsa in ba jinin sarauta ba ne. Ba wanda zai yafa alkyabba don kawai yana da kuɗin sayenta. Ja da kore a haɗe kayan dogarai ne. Sanin abin da bai kamace ka ba yana cikin sanin tufafin, kuma manyan ƙungiya ke koya wa ƙanana, a nan zauren, kafin a fita.

Sai an hau ake gane abin da maɗinki ya lissafa tun yana zaune a tabarma. Sarki ya je ya gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki ya dawo Ƙofar Kudu, tawaga-tawaga na wucewa, masu jafi na sako dawakai a guje su ja linzami dab da gabansa su ɗaga hannu su yi jinjina. A wannan gudun rigar shadda mara nauyi takan tashi ta rufe wa mai ita fuska. Ta saƙi kuwa nauyin aljihu da aikinsa na riƙe gabanta a ƙirji, shafi na riƙe ƙasanta, buɗaɗɗen gefe na shigar da iska, hannun dama a sake yake. Kashegari hawan Nassarawa, wanda ya fi kusa da mutanen Tarauni, daga baya kuma Ɗorayi ko Fanisau. Kowace yamma in an sauka sai a koma zaure a ci tuwo tare, a baje riguna a kan igiya su sha iska, a yi ta musun wace tawaga ta fi tsari, wa ya ga tsohuwar tsamiyar da wani hakimi ya sako. Ba a gaggawar kai irin wannan riga wanki. A kakkaɓe ƙura, a shanya a inuwa, in ta yamutse a mayar wa 'yan bugu, a ninke a ajiye a adaka.

Ba mu kaɗai ke wannan sha'awa ba. A birnin Siyena na Italiya, kowace ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, unguwanni kan fito cikin tufafin kakanninsu na ɗaruruwan shekaru su yi jerin gwano kafin tseren dawakai a dandalin gari. A Ingila da Amurka akwai ƙungiyoyin abokai da ke ɗinka kayan mutanen da su taru su saka, amma da yawansu daga zane-zanen littattafai da guntayen da ke gidajen tarihi suke lalubo yadda aka yi. Mu namu bai yanke ba. Wanda ya koya daga wanda ya koya yana nan da rai a bayan kasuwa, ana iya zuwa a gaishe shi a tambaye shi.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A 2024 da 2025 kuma an dakatar da hawa a sallah fiye da ɗaya saboda taƙaddamar sarauta, kuma duk sallar da ba a hau ba, masaƙi da mai aiki da ɗan bugu su ke fara ji a aljihunsu. A Zariya, inda David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi maɗinka ya tattara zane-zanensu a shekarun 1970, matan cikin birni sun karɓi aikin hannu na manyan riguna suna yi a cikin gidajensu, kuma rigunan da ake sayarwa a Kano da yawa daga hannunsu suke fitowa. A Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi masu haɗa ƙwarya da hannu su zana su cika ba su da yawa, mafi yawansu kuma furfura ta kama su.

Don haka, 'yan uwa mahaya, in kuna son aska takwas ta gaske a sallah mai zuwa, ku kai ƙwaryarku tun watan Takutaha. Ku ba da rabin kuɗin aiki a hannu, kada ku yi cinikinsa da farashin na kwamfuta. In kuma akwai ƙane a gida da ke zaune bayan makaranta, ku kama hannunsa ku kai shi zauren, ku roƙi Baba ya ba shi tsumma da allura.